Daren Kallon Taurari: Aikin Gwamnati Da Ba Ya Buƙatar Kwangila

A birnin Cleveland da ke jihar Ohio ta Amurka akwai wani gidan adana tarihin halittu da aka kafa a 1920. A samansa akwai tsohuwar na'urar hangen nesa da aka ƙera tun 1899, wadda faɗin gilashinta inci 10 da rabi ne kacal. A ma'aunin masana sararin samaniya na yau ta tsufa, babu wani sabon bincike da za a jingina mata. Duk da haka a baya gidan ya shafe shekaru masu yawa yana riƙe da al'ada guda: daga Satumba zuwa Mayu, duk daren Laraba da sama ta yi garau, akan buɗe ɗakin na'urar, iyaye da 'ya'yansu su hau su bi layi, kowa ya ɗora ido ya ga ramukan da ke fuskar wata ko zoben da ya kewaye Zuhal, ma'aikaci yana tsaye a gefe yana amsa tambayoyi.

Wannan 'yar al'ada ta cancanci ma'aikatan gwamnatin tarayya su tsaya su dube ta, musamman masu tsara kasafin kuɗi da masu rubuta wa manya takardun shawara. A cikin duk abin da hukuma za ta kashe domin kusanto da kimiyya ga jama'a, da wuya a sami mai araha kamar wannan. Kuma irin aikin ne da tsarin kashe kuɗi na ƙasar nan ya fi saurin tsallakewa, domin babu kwangila a cikinsa, babu bikin ƙaddamarwa, babu allon da za a rubuta sunan wani a kai.

Abu na farko da ya ba shi daraja shi ne lokacinsa. Gidajen tarihi a Najeriya galibi suna buɗewa ne a sa'o'in da ofisoshi ke buɗe, suna kuma rufewa tare da su. Ma'aikacin da ya bar Kubwa ko Mararaba da asuba, ya tashi aiki da ƙarfe 4, ya sha cunkoson Nyanya, ba shi da wata kafa ta kai 'ya'yansa irin wannan wuri a ranar aiki. Saboda haka yaran da ke shiga gidan tarihi mafi yawansu 'yan yawon buɗe ido ne na makaranta: a jero su, a zagaya da su cikin gaggawa, a mayar da su mota. Uba bai gani ba, uwa ba ta gani ba, maganar takan mutu a bakin ƙofar makaranta.

Da dare lamarin daban ne. Uba da 'yarsa sukan tsaya a layi ɗaya, kuma sau da yawa dukansu ranar suka fara ganin duwatsun wata da idonsu. Yarinyar da ta ga mahaifinta, wanda take ganin ya san komai, ya ɗago daga na'ura yana tambaya cikin mamaki, ta koyi darasin da babu shi a manhaja, wato tambaya ba abin kunya ba ce. Hirar takan biyo su cikin mota har gida, ta kai ga kaka da maƙwabta. Akwai kuma wata fa'ida da duk mai 'ya mace zai gane: gidan da ba zai taɓa barin yarinya ta fita da dare ita kaɗai ba, ba shi da fargaba idan fitar ta dukan iyali ce.

Masu shakkar ko dare guda yana iya sauya rayuwar yaro suna da misali a gabansu. Neil deGrasse Tyson, wanda a yau yake cikin sanannun masu bayyana kimiyya a duniya, ya tashi ne a unguwar Bronx ta New York, inda hasken lantarki ke disashe taurari. Yana ɗan shekara 9 iyayensa suka kai shi ɗakin kwaikwayon sararin sama na Hayden, wanda ke cikin babban gidan tarihin halittu na birnin, kuma ya sha faɗa cewa a nan sha'awarsa ta samo asali. A 1996 ya zama daraktan wannan ɗaki. Ba kowane yaro zai zama masanin taurari ba, kuma ba a buƙatar haka. Amma likitoci da injiniyoyi da masu safiyo da matuƙan jirgi duk daga cikin yaran da wani abu ya taɓa ba su mamaki suke fitowa.

Mai tambaya zai iya cewa me ya haɗa kallon taurari da gidan da ake ajiye ƙasusuwan dabbobi da duwatsu. Amsar farko ta hankali ce: sama ba ta alƙawari. Idan hadari ya taso, iyalin da suka biya kuɗin mota ba za su koma hannu rabbana ba, domin akwai abin gani a cikin gini. Amsa ta biyu ta fi zurfi. A gidan tarihin halittu yaro zai iya duban sama, sannan ya sauko ya ga yankin saman a gabansa. A gidan na New York akwai wani curin ƙarfe da ya faɗo daga sama, wanda aka ɗauko daga Girinlan a 1897, nauyinsa ya haura tan 30, har sai da aka kafa ginshiƙan da ke riƙe da shi a kan fā na ƙarƙashin ginin. Yara suna shafa shi da hannu. Gani ya kori ji, taɓawa kuwa ta fi duka.

A nan ne batun ya shafi Najeriya kai tsaye. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi yana gonarsa kusa da Zagami a lardin Katsina, sai ya ji ƙara mai tsanani, wani dutse ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye ya nutse cikin ƙasa. Da aka tono shi, nauyinsa ya kai kilo 18. Daga baya masana suka gano cewa iskar da ta maƙale a cikinsa ta dace da iskar duniyar Mars kamar yadda kumbunan Viking na Amurka suka auna ta a 1976. Wato ɓallin wata duniya ne ya sauka a gonar Bakatsine. An daɗe ana ajiye da shi a ofishin binciken ma'adinai da ke Kaduna, daga baya aka yi ta yankar sa, gutsattsarinsa suka bazu a gidajen tarihi da ɗakunan bincike da hannun 'yan kasuwa a ƙasashe da dama. A 1996 ma an liƙa ɗan ƙwayarsa a jikin wani kumbon Amurka da aka harba domin ya kewaya Mars. Ɗaliban ilmin duwatsu a Turai da Amurka sun san sunan Zagami. Sai a tambayi ɗan sakandare a Funtuwa ko a Garki.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Wani ya faɗo a Mayo Belwa a 1974, wani a Gujba a 1984, dukansu irin waɗanda masana ke rububi. A maƙwabciya Nijar an tsinci wani dutsen na Mars mai nauyin kusan kilo 25 a yankin Agadas cikin Nuwamba 2023. A Yuli 2025 aka yi gwanjonsa a kamfanin Sotheby's na New York a kan dala miliyan 5 da 'yan kai, sai bayan nan gwamnatin Nijar ta buɗe binciken yadda ya fita daga ƙasar. Doka tana da amfani wajen tsare irin wannan dukiya, amma mai gadi na farko shi ne mutumin ƙauyen da ya san abin da ya tsinta. Wanda bai taɓa ganin irinsa a bayan gilashi ba, ko dai ya guje shi don tsoro, ko ya sayar da shi a kuɗin buhun gero.

Ba za a ce Najeriya ta yi sakaci da sararin samaniya ba. An kafa hukumar NASRDA a 1999. An harba tauraron ɗan'adam na farko, NigeriaSat-1, daga Rasha a Satumba 2003. Na sadarwa, NigComSat-1, ya tashi daga Sin a 2007, ya lalace a 2008, aka maye gurbinsa a 2011, shekarar da aka harba NigeriaSat-2 da kuma NigeriaSat-X wanda injiniyoyin ƙasar nan suka haɗa da hannunsu a Ingila. Akwai cibiyar binciken sararin samaniya a Nsukka, wadda Farfesa Pius Okeke ya jagoranci kafuwarta. Akwai ƙungiyoyin sa kai irin su reshen Najeriya na Astronomers Without Borders, waɗanda ke ɗaukar na'urori zuwa makarantu har da sansanonin 'yan gudun hijira. Masana suna nan, kayan aiki suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tsayayyen dare, a tsayayyen wuri, wanda uwa a Lugbe za ta sani tun farkon shekara ba tare da ta jira sanarwa ba.

Wannan tsayuwar ita ce ruhin al'amarin. Cibiyar binciken taurari ta Afirka ta Kudu da ke Cape Town, wadda tarihinta ya faro daga 1820, ta daɗe tana buɗe wa jama'a ƙofa a daren Asabar na biyu da na huɗu na kowane wata. A birnin kuma, gidan tarihin da aka kafa a 1825 yana da ɗakin kwaikwayon sararin sama a ƙarƙashin rufi ɗaya da ƙasusuwan manyan kifayen teku. A Ghana, Dakta Jacob Ashong bai jira gwamnati ba, ya buɗe irin wannan ɗaki a Accra a 2009. Taron da ake yi sau ɗaya a shekara domin Makon Sararin Samaniya na Duniya, daga 4 zuwa 10 ga Oktoba, yana da kyau, amma biki ne. Yaron da ya yi zazzaɓi a ranar sai baɗi.

Abin takaicin shi ne samaniyar Abuja ta fi ta Cleveland kyauta. Birnin yana wajen digiri 9 ne a arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka mazauninsa yana ganin taurarin arewa duka da kusan dukan na kudu. Taurarin nan da Turawa ke kira Gicciyen Kudu, waɗanda ke kan tutar Ostireliya da ta Brazil, suna bayyana can ƙasa-ƙasa ta kudu da daren Afrilu da Mayu. Kusa da su akwai Alfa Sentori, rukunin taurari mafi kusa da rana, wanda haskensa ke yin tafiyar fiye da shekara 4 kafin ya iso. Mutumin Landan ko Cleveland ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu daga gida. Sannan a can rana takan kai ƙarfe 9 ba ta faɗi ba a tsakiyar shekara, a Abuja kuwa duk shekara tana faɗuwa tsakanin ƙarfe 6 da 7. Ana iya farawa bayan Magariba, a tashi da ƙarfe 9, yaro ya kwanta a kan lokaci.

Gaskiya ne damina tana kawo gajimare, hunturu yana kawo hazo, fitilun birni kuma suna cinye ƙananan taurari. Amma abubuwan da suka fi burge yaro ba su damu da wannan sosai ba. Wata yana ratsa hazo. Jufita, wadda malaman hisabi ke kira Mushtari, takan fito da watanninta huɗu a jere kamar yadda Galileo ya gan su a 1610, ko da a ƙaramar na'ura. Daren da ya fi dacewa shi ne wajen bakwai ga wata, lokacin da wata yake rabi, yana tsakiyar sama da faɗuwar rana, inuwa ta fito da ramukansa da tsaunukansa fili. Wata ɗan sha huɗu, duk da kyansa, haskensa yana shafe su.

Mai bayani a irin wannan dare ba zai fara daga sifili ba, domin Bahaushe ya daɗe da sanin sama. Ya san Zara matar wata da ke fitowa da yamma, ya san Gamzaki da ke fitowa da asuba, kuma yaro zai ji daɗi idan aka nuna masa cewa duniya guda ce mai suna biyu, tana ƙaruwa tana raguwa a cikin na'ura tamkar ƙaramin wata. Ya san Kaza da 'ya'yanta, waɗanda ido ke ƙirga shida ko bakwai, na'ura kuwa ta nuna gommai. Malaman hisabi suna lissafa masaukai 28, kowanne kwana 13, manoma suna bin su wajen sanin shuka da ɗaukewar ruwa. Ƙasar Katsina ta fitar da Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya shahara a lissafi da ilmin falaki, ya rasu a Alƙahira a 1741. Kakar da ta zo raka jikoki tana iya sanin sunan tauraron da mai digiri bai sani ba, kuma wurin da zai ba ta damar faɗa ya yi wa ilmin kansa hidima.

Wasu iyaye za su yi ɗari-ɗari, domin a kunnensu maganar taurari ta yi kusa da duba da bokanci. Wannan damuwa ce da ya kamata a girmama, a kuma amsa ta da bayani. Abin da ake yi a irin wannan dare awo ne da lissafi: nisan wata kimanin kilomita 384,000, hasken rana yana ɗaukar minti 8 da 'yan daƙiƙu kafin ya iso, watan sama kwana 29 da rabi ne a matsakaici, shi ya sa shekarar Hijira ke gaza ta Miladiyya da wajen kwana 11. Babu mai gaya wa kowa abin da zai same shi gobe. Hasali ma wannan ilmi shi ne maganin camfin da ke cewa ganin tauraruwa mai wutsiya ba alheri ba ne. Kuma ƙasar da ke shiga muhawara kan ganin jinjirin wata kusan kowace shekara za ta amfana da tarin matasan da suka san inda ake neman sa da sa'ar da yake faɗuwa. Sanar da tsayuwar wata yana hannun Mai Alfarma Sarkin Musulmi da kwamitinsa, kuma shaidun da suka san sama sauƙi ne ga aikinsu.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na tsadar rayuwa: ana fama da abinci da kuɗin makaranta, wa ke ta taurari? Kallon wata ba ya cika ciki, kuma duk wanda ya ce zai magance talauci ya yi ƙarya. Amma a duba kuɗin. Na'urar hangen nesa mai madubi inci 8, irin wadda masu sha'awa ke amfani da ita a ko'ina, ba ta kai dala 1,000 ba. Ba ta shan mai, ba ta buƙatar wuta, ɗaukewar lantarki ma taimakonta take yi, kuma idan an kula da ita za ta yi shekaru gommai. Kuɗin motar ofis guda ta babban jami'i zai sayi irinta da yawa. Ainihin abin da za a riƙa kashewa shi ne alawus na ma'aikatan da za su tsaya bayan tashi, da masu gadi, da motar da za ta ɗebo iyalai, da tsabtar bayan gida. Waɗannan kuwa kuɗin gudanarwa ne, ɓangaren da aka fi raina wa a kasafi kuma aka fi saurin zabtarewa. Gina ɗaki ya fi sauƙin samun sa hannu fiye da biyan wanda zai buɗe shi. Su kuma iyalan da tsada ta hana kai yara wuraren wasa na kuɗi, su ne suka fi buƙatar wurin zuwa kyauta.

Batun tsaro ma gaskiya ne, kuma yana da hanya. A yi taron a harabar gwamnati mai katanga, a tashi da wuri, a tanadi bas daga manyan tashoshi. A wasu watannin a ɗauki na'urorin zuwa filin wata makaranta a Bwari ko Kuje ko Kwali ko Abaji, inda sama ta fi duhu, yara kuma suka fi nisa da irin wannan dama.

Abuja har yau ba ta da gidan tarihin halittu na ƙasa, amma jiran gini ba hujja ba ce. Kayan aikin suna warwatse a hannun hukumomi uku: NASRDA tana da masana da harabarta ta Lugbe, hukumar gidajen tarihi ta ƙasa tana da gidaje da masu bayani a jihohi, hukumar binciken ma'adinai tana da duwatsu. Kowace tana ƙarƙashin ma'aikata daban, shi ya sa aikin ya zama na kowa kuma ba na kowa ba. Abin da zai haɗa su bai wuce yarjejeniya mai shafi biyu ba, da jami'i guda da za a ambaci muƙaminsa a matsayin mai alhaki, da layi guda a kasafin gudanarwa, da jadawalin dare 12 da za a wallafa tun Janairu, kowanne Asabar ɗin da ta fi kusa da bakwai ga wata. Masu hidimar ƙasa da suka karanta kimiyya za su iya riƙe na'urori bayan horon 'yan kwanaki. A yi bayani da Hausa da Gwari da Yarbanci da Ibo da Turancin kasuwa, domin uwar da ba ta jin Turancin boko kada ta zama 'yar rakiya. Gidan tarihin halittu na Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife, da gidan tarihi na Jos wanda aka buɗe a 1952, da na Kaduna, da Gidan Makama a Kano, duk suna da filin da za a fara.

Haɗarin da ya kamata mataimakan manya su tsare shi ne kada shawarar ta rikiɗe ta koma taron bita a otal, da riguna masu tambari, da jawabin babban baƙo da zai cinye sa'ar da wata ke sama. Ma'aunin nasara biyu ne, kuma kowane akawu zai iya ƙirga su: dare nawa aka buɗe a shekara, yara nawa suka ɗora ido a kan na'ura.

Ranar 29 ga Maris, 2006, rana ta yi cikakken husufi a wani yanki na Najeriya da Nijar. Ranar 20 ga Maris, 2034, inuwar wata za ta sake ratsa ƙasar nan kafin ta wuce Kamaru da Chadi da Sudan, kuma masu bibiyar husufi daga ƙasashe da dama za su nemo inda za su tsaya. Yaran da ke firamare a yau za su kasance samari da 'yan mata a lokacin. Ko su tarbi ranar da sanin abin da ke faruwa da yadda ake kallonsa ba tare da ido ya lalace ba, ko su tsaya baƙi su yi musu bayanin samaniyarsu. Wanne daga ciki zai faru ya rataya ne a kan wani ɗan layi da darakta zai saka, ko ya manta da shi, a daftarin kasafin shekara mai zuwa.